Ayari a Lokacin Annoba: Yadda Aka Yi Tafiya Daga 2020 Zuwa 2023



Duk shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, mukan waiwayi wani yanki na tarihin sana'armu. Bana mun ɗauko shekarun korona. Yaran da suka shigo kasuwa daga baya suna jin labarin kamar tatsuniya, manya kuma sun fara rikita kwanakin. Gara a rubuta tun waɗanda suka gani da idonsu suna nan. A waɗannan shekaru ɗan kasuwar da ya saba saɓa jakarsa ya kama hanya shi kaɗai ya koma tafiya cikin ayari kamar kakanninsa, kuma isar ayarin ta rataya a kan abu biyu: ingancin takardar kowane mutum, da ƙwarewar madugu.

Ayarin da

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja saro goro ba sa tashi ɗaiɗai. Akan haɗu ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da 'yan dako. Madugu ke jan ragama, shi ke shirya kuɗin fito da na wucewa da sarakunan hanya. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki na kula da kuɗin da aka tara, malamin ayari na riƙe da lissafi da addu'a. In an sauka zango, laifin mutum ɗaya kan jawo wa kowa tara, ciwon mutum ɗaya kan tsayar da kowa.

Haka hanyar gabas take. Maniyyata daga Katsina, Kano, Damagaram da Gobir sukan bi ta Barno su shiga Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su wuce Abeshe, su ƙetara Darfur ta Alfashir zuwa El Obeid, har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa noma ko sana'a don neman guzuri. Da yawa ba su dawo ba, su ne tushen unguwanni da garuruwan Hausawa a Sudan. A 1948 wasu 'yan kasuwar Kano, Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin ɗaukar alhazai a manyan motoci ta wannan hanya. Kenan jigilar matafiya a ƙungiyance a wannan yanki daga hannun 'yan kasuwa ta fito.

Killace matafiya tsohuwar doka ce

Tsayar da ayari saboda annoba ya girmi Turawa da fasfo ɗinsu. A shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham da jama'arsa. Da suka isa Sarag aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, Abdurrahman ɗan Aufu ya sanar da su koyarwar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta hana shiga ƙasar da annoba ta sauka da hana fita daga cikinta. Umar ya juya da ayarinsa Madina.

A 1865 kwalara ta afka wa mahajjata a Makka, masana tarihi suna ƙiyasta mutum wajen 15,000 suka rasu. Masu komawa gida suka kai ta Masar, daga nan jiragen ruwa suka kai ta Turai. A 1866 aka yi taron ƙasashe a Santambul kan wannan batu, daga baya aka gina wuraren killace alhazai: tsibirin Kamaran ga masu zuwa daga Indiya da Jawa, da Ɗur a gaɓar Sina'i ga masu komawa Masar. Mutanenmu kuwa a Sawakin ake tsare su, a yi musu lamba da allura kafin su hau jirgin Jidda. Katin nan mai ruwan ɗorawa da ake tambayarmu a Gaya ko a filin jirgi, mai shaidar allurar shawara, jikan wannan tsari ne.

Ko a zamaninmu an gani. Sanƙarau ya yi ɓarna a Nijar a 1995, ya yi wadda ta fi a arewacin Najeriya a 1996, inda fiye da mutum 11,000 suka rasu. A wannan shekarar Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga. A 2014, lokacin Ebola, ta hana biza ga mutanen Gini da Laberiya da Saliyo. Sai dai duk waɗannan sun shafi ƙasa ɗaya ne ko uku. Korona ce ta rufe ƙofofi duka a wata guda.

Rufi a kan rufi

Mu 'yan kasuwar iyaka, korona ta same mu da rauni a jiki. Tun watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa don hana shigar shinkafa da fitar mai. Kamiyoyi sun yi layi a Ɗan Isa da Ƙonni da Gaya, kaya na lalacewa, kuɗin ajiya na hawa.

Ana cikin haka, ranar 27 ga Fabrairu 2020 Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi. A ranar ce kuma aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce annoba ce ta game duniya. Ranar 17 ga Maris Shugaba Mahamadou Issoufou ya ba da sanarwar rufe filayen jiragen Yamai da Damagaram da iyakokin ƙasa ga matafiya, bayan kwana biyu aka samu mai cutar na farko a Nijar. Ƙasar Sin ta hana baƙi shiga daga 28 ga Maris. An rufe masallatai a Nijar har zuwa 13 ga Mayu, Kano kuma ta shiga kulle a watan Afrilu.

A 2019 kusan mutum miliyan biyu da rabi suka tsaya Arfa. Ranar 22 ga Yuni 2020 Saudiyya ta ce aikin Hajjin bana na mazauna ƙasar ne kaɗai, su ma 'yan kaɗan. Wanda ya sayar da shanu ko ya cire daga jari ya zuba wa ajans, sai ya zaɓi ɗaya: ya karɓi kuɗinsa ko ya bar su zuwa baɗi. Baɗin ta zo, ranar 12 ga Yuni 2021 aka sake cewa mutum 60,000 ne kawai, kuma na cikin gida.

Da ƙofa ta ɗan buɗe

Nijar ta buɗe sararin samaniyarta ranar 1 ga Agusta 2020. Najeriya ta dawo da jiragen ƙasashen waje ranar 5 ga Satumba, amma a Legas da Abuja kaɗai. Filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda mutanen Maraɗi da Damagaram suka fi sabawa da shi saboda kusa, sai a Afrilu 2021 ya dawo da jigilar waje. Dole mai tafiya daga Maraɗi ya yi fiye da kilomita 600 zuwa Yamai.

Ranar 1 ga Nuwamba 2020 aka buɗe Umara ga baƙi, jiragen farko suka sauka Jidda daga Pakistan da Indunusiya. Sharuɗɗan da aka gindaya sun cancanci a tuna su dalla-dalla. Dole shekarun mutum su kasance tsakanin 18 da 50. Dole ya riƙe takardar gwajin PCR da ba ta wuce awa 72 ba. Dole ya zo ta hannun kamfani mai lasisi, cikin rukuni, kowane rukuni da jagoransa. Da sauka sai a wuce da su otal a killace su kwana uku. Bayan nan a kai su Harami a lokacin da aka rubuta musu a manhajar waya mai suna Eatmarna, su yi ɗawafi a kan layukan da aka shata, da takunkumi a fuska. An kewaye Ka'aba da shinge, ba mai taɓa ta balle sumbatar Hajarul Aswad. Zamzam a gora ake miƙa wa mutum.

Ga wanda ya saba haɗa ibada da saro, wannan sabon abu ne. A da, bayan an sauke Umara mutum kan zagaya kasuwannin Jidda ya sayi abaya da turare da dabino da zinari, ya fanshe wani ɓangare na kuɗin jirgi. A ƙarƙashin wannan tsari, daga otal sai mota sai Harami, kuma tare da rukuni.

Awa 72 ɗin nan ita ce ta fi wahalar da shugabannin tafiya. A Yamai cibiyar CERMES ce ke gwajin matafiya. In an yi gwaji da wuri, jirgi ya ɗaga lokacin tashi, takarda ta mutu, sai a sake biya. In an yi a makare, sakamako bai fito ba jirgi ya tashi. Mutum arba'in dole a ɗauki samfurinsu a yini ɗaya, kuma sunan da ke takarda ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Mu da ake rubuta suna ɗaya Mahamadou a nan, Muhammadu a can, mun san yadda harafi guda ke tsayar da mutum a gaban kanta. In aka samu ɗaya da cutar, abokin ɗakinsa da wanda suka zauna kujera ɗaya a mota su ma sun shiga layin killacewa. Dattawa da yawa ba su iya sarrafa manhajar waya ba, sai matasan rukuni ne ke cika musu. Kuɗin gwajin ma nauyi ne, sai a 2021 ƙasashen UEMOA suka daidaita shi a kan jika 25 ga mai hawa jirgi, jika 5 ga mai bin ƙasa.

Duk wanda ya san tarihin fatauci ya ga tsohon tsari a nan. Mai ajans ya zama madugu, mai bin labarin dokoki a waya ya zama jagaba, otal ɗin killacewa ya zama zango, kuɗin gwaji ya maye gurbin kuɗin fito.

Hanya na canzawa ana cikin tafiya

Abin da ya fi dokokin kansu ciwo shi ne yadda suke sauyawa cikin dare ɗaya. A ƙarshen Disamba 2020, da aka ga sabon nau'in cutar a Ingila, Saudiyya ta tsayar da duk jiragen waje na mako biyu, masu Umara da ke can suka maƙale, kuɗin otal na ci. A farkon Fabrairu 2021 ta hana shiga daga ƙasashe 20, ciki har da Turkiyya da Masar da Daular Larabawa, kuma dokar ta haɗa da wanda ya ratsa ta cikinsu a kwanaki 14 da suka wuce. A Yuli ta ƙara da Habasha. Nijar ba ta cikin jerin, amma Santambul da Alƙahira da Dubai da Adis Ababa su ne mashigar da jirage ke bi da mutanen yankinmu. An bar mana ƙofar gida a buɗe, an toshe lungunan da ke kai wa gare ta.

Sai batun allura. Ta farko da ta iso Nijar a Maris 2021 ita ce Sinopharm, kyautar ƙasar Sin, sannan AstraZeneca ta biyo ta hanyar shirin COVAX. Najeriya da AstraZeneca ta fara. Saudiyya kuwa a farko guda huɗu ta amince da su: Pfizer, AstraZeneca, Moderna da Johnson & Johnson. Wanda ya yi gaggawar bin kiran hukuma ya karɓi ta Sin sai ya tarar katinsa bai isa ba. Da aka sake buɗe Umara ga masu allura a Agusta 2021, an yarda da ta Sin amma da sharaɗin a ƙara ɗaya daga cikin huɗun. Madugun da bai duba sunan allurar kowa ba tun a gida, a filin jirgi yake ganewa.

A ƙasa ma sannu a hankali aka buɗe. Ranar 16 ga Disamba 2020 Najeriya ta buɗe mashigai huɗu, ciki har da Illela da Maigatari. Nijar ta buɗe iyakokinta na ƙasa ga matafiya a Yuni 2021. Jibiya da Kamba kuwa sai a Afrilu 2022. A Disamba 2021 nau'in Omicron ya sake tayar da hankali: Ingila ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana, Saudiyya ta tsayar da jirage daga Najeriya, masu shirin Umara ta Kano suka kwance kaya.

A irin wannan matsi ne takardun jabu suka yi kasuwa. An kama masu sayar da sakamakon gwaji na ƙarya a ƙasashe da dama. A Janairu 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da fasfon matafiya 100 na wata shida saboda sun ƙi yin gwajin da ake yi bayan dawowa. Illar jabu ba ta tsaya kan mai ita. Da zarar ma'aikatan wata ƙasa sun daina yarda da takardun wata, sai su ƙara gwaji a kan kowa, ko su tsayar da jirgin baki ɗaya. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Hajjin 2022

Ranar 9 ga Afrilu 2022 Saudiyya ta ce za ta karɓi mahajjata miliyan ɗaya daga ciki da waje. Sharaɗi: shekaru ƙasa da 65, cikakkiyar allura, da gwajin awa 72. An rage kason kowace ƙasa zuwa ƙasa da rabi. Nijar da ta saba samun kujeru kusan 16,000 ta samu 7,000 da 'yan kai. Najeriya daga 95,000 ta koma wajen 43,000. Tsakanin sanarwa da ranar Arfa, 8 ga Yuli, wata uku ne kacal, aikin da hukumar COHO a Nijar da NAHCON a Najeriya suka saba yi cikin mafi yawan shekara. Maniyyatan shekara uku suka taru a kan rabin kujerun shekara ɗaya, kuɗin kujera ya tashi, wasu kuma har aka rufe filin Jidda ba su samu jirgi ba.

Dokar shekaru ita ta fi taɓa zuciya. A wurinmu mutum kan yi shekara talatin yana kasuwa, ya aurar da 'ya'ya, ya gina gida, sannan ya nufi Makka. Wanda ya biya a 2020 yana da shekara 63, a 2022 ya cika 65, doka ta fitar da shi. Wasu sun jira 2023, da aka ɗage sharuɗɗan mutum fiye da miliyan 1.8 suka yi Hajji. Wasu Allah bai kai su ba. Allah ya ba su ladan niyyarsu.

Masu zuwa Sin

Hanyar Guangzhou da Yiwu ita ta fi daɗewa a rufe. A Afrilu 2020 an kori 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, har jakadun Afirka a Beijing suka kai ƙorafi. Baje kolin Canton ya koma ta intanet daga Yuni 2020. Sin ba ta soke killace masu shigowa ba sai 8 ga Janairu 2023, ta dawo da ba da biza iri-iri a Maris, baje kolin ya buɗe ƙofarsa ga baƙi a Afrilu. Kusan shekara uku kenan.

A wannan hanya kaya ne suka yi ayari, mutane na gida. 'Yan kasuwa biyar ko goma su haɗa kuɗi, su tura wa ɗan uwa mazaunin can, ya zaga masana'anta yana nuna samfur ta WhatsApp, a cika kwantena ɗaya ta sauka Kwatano ko Lome. Kuɗin dakon kwantena ya ninka sau da yawa a 2021, ƙaramin ɗan kasuwa ba ya iya ɗauka shi kaɗai. Wanda ke da amintaccen wakili ya ci gaba da juya jarinsa. Wanda ya tura kuɗi ga mutumin da bai sani ba, ba rubutu ba shaida, wani ya ga kayan da ba su ya zaɓa ba, wani bai ga komai ba. Tsohon tsarin maigida mai saukar baƙi a zango, wanda ke tsaya wa baƙonsa a ciniki, shi ne ya riƙe kasuwa.

Abin da ya rage mana

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona. Ba a cika wata uku ba aka sake rufe iyakar Nijar da Najeriya, wannan karon saboda siyasa, har zuwa Maris 2024. Daga 2019 zuwa 2024, shekarun da hanya ta yi a buɗe sarai sun fi waɗanda ta yi a rufe ƙanƙanta. Duk mai lissafin jari ya sa wannan a lissafinsa.

Saboda haka akwai ayyukan da ƙungiya ce kaɗai za ta iya yi wa 'ya'yanta. Ta riƙe rajistar mambobi masu tafiya waje, da ranar ƙarewar fasfon kowa da allurar da ke katinsa, ta shawara da ta sanƙarau, kuma a tabbatar sunan mutum iri ɗaya ne a duk takardunsa. Kada a zuba wa ajans kuɗin rukuni sai da yarjejeniya a rubuce da ta faɗi abin da za a mayar in an fasa tafiya, da wanda zai biya otal in an maƙale. A ware asusun ko-ta-kwana, domin kwana goma na killacewa a ƙasar waje sun isa su cinye ribar tafiya. A sa matasa biyu ko uku masu jin Faransanci da Turanci da Larabci su riƙa bin sanarwar hukumomi daga tushe, kada mu dogara da saƙon murya da ake yaɗawa a waya. Wakilanmu na Jidda da Dubai da Guangzhou da Kwatano, a san su, a san masu tsaya musu. Mai takardar jabu kuma, ko ɗan wane ne, kada ya shiga ayarin ƙungiya.

Ga matasanmu, ku zauna da dattawan da suka ja rukuni a waɗannan shekaru, ku tambaye su yadda suka yi da gwaji da jirgi da masauki. Abin da ke kansu bai shiga kowane littafi ba, kuma ranar da za a sake buƙatarsa ba ta sanarwa.

Allah ya jiƙan 'yan uwanmu da suka rasu a shekarun annoba, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, ya tsare matafiyanmu a ƙasa da sama, ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai. Amin.